Garwashin Turare a Tafin Hannun Abba

Akwai ranar da har gobe ban manta da ita ba a aikin nan, kuma duk lokacin da aka turo mini sababbin nas daga gida sai na zaunar da su sun ji labarinta kafin su taɓa ɗan kowa. Yau ga ku, to ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Wata Asabar ce da rana, cikin tsananin sanyi, shekarar da ta biyo bayan korona. Lokacin ni ce sister mai kula da ɓangaren yara na A&E, wato sashen gaggawa, a asibitinmu nan kudu maso gabashin Landan. Ga yadda tsarin yake. Duk yaron da aka kawo, nas ce take fara ganinsa a bakin ƙofa, ta duba nauyin ciwon, ta yanke wanda za a gani yanzu da wanda zai jira. Bayan ita sai likita. Ni kuma aikina in ga komai yana tafiya, a samu gado, magani ya fito, kuma duk abin da ya ɗaure wa kowa kai, kaina yake dawowa.

Ina kan waya ina fama da masu rabon gadajen marasa lafiya sai nas ɗin bakin ƙofa ta zo ta ce ga wasu 'yan Najeriya da yaro ya ƙone a hannu, tsohuwar ba ta jin Turanci, wai ko yarenmu ɗaya. Kun san abokan aikin namu, a wurinsu duk baƙin mutumin da ya shigo yarenmu ɗaya, ko daga Legas yake ko daga Kampala. Amma wannan karon ta dace. Tun kafin in ɗaga labule ƙamshin turaren wuta ya gaya mini mutanen gida ne.

Su uku ne suka kawo yaron. Uban, Malam Sani, yana digiri na uku a wata jami'a, suna haya a wani flat, wato sashen gidan bene, can wajen Old Kent Road. Matarsa Nafisa, shekararta guda da 'yan watanni a ƙasar, ta gama jami'a a gida, Turancinta sarai. Sai mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ta zo ziyara daga Katsina. Yaron bai cika shekara biyu ba, ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mijin Hajiya aka sa masa, don haka kowa Abba yake ce masa, ita kuma kakar tana ce masa Maigida. Yana kan cinyar Hajiya yana tsala kuka, hannunsa na dama naɗe da ɗankwali. Nafisa kuwa tana can jikin bango a tsaye, kai a sunkuye, hannuwa cikin hijabi.

Na gaishe da Hajiya yadda ya kamata, na warware ɗankwalin. Man goge baki ne fal a tafin hannun, an kuma fasa ɗanyen ƙwai a kai, duk ya bushe ya kama fata.

Na ce, "Wa ya shafa wannan?"

Hajiya ta ce, "Ni ce, 'yar nan. Ai yana zare zafin."

Wallahi man goge bakin nan ya ishe ni a rayuwa. Shekara nawa ina faɗa, a wurin suna, a wurin biki, a masallaci bayan Juma'a: in yaro ya ƙone, ruwan famfo mai sanyi a bar shi yana zuba minti ashirin, a rufe da ledar nan ta rufe abinci, a taho asibiti. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba manja, ba gishiri. Duk abin da aka shafa sai mun wanke shi kafin mu ga ciwon, kuma yaron ne yake shan azabar wankin, ba wadda ta shafa ba. Na haɗiye maganar don tsohuwa ce, muka ba shi maganin kashe zafi ta hanci, muka wanke a hankali. Da ciwon ya fito sai ga ƙuna zagayayya a tsakiyar tafin, mai zurfi, faɗinta kamar kwabo, da wasu ƙanana a cikin yatsu biyu.

Likitar yara da ke aiki ranar Baturiya ce, Dakta Emma, mace mai natsuwa da ba ta yanke hukunci da gaggawa. Ta durƙusa ta duba, ta tambayi yadda abin ya faru. Malam Sani ya yi caraf ya ce dutsen guga yaron ya taɓa. Ta juya wurin Nafisa ta ce ko tana wurin. Nafisa ta ce, can ƙasa-ƙasa, murhun gas ne. Ta tambayi yaushe. Uban ya ce yanzun nan, uwar ta ce da safe. Ashe shi yana laburare ma lokacin, sai da suka zauna jiran ya dawo kafin a kamo hanya. Ina tsaye ina jin su, na san mun shiga uku.

Dakta Emma ta yafito ni waje. Ta ce ƙunar ba ta yi kama da ta dutsen guga ba, ba ta yi kama da ta murhu ba, ta fi kama da wani abu mai zafi da aka danna a tafin. Ta ce labari biyu ne daga mutum biyu, kuma an yi jinkirin kawo shi. Sannan ta faɗi wanda ya fi damunta: tun shigowarsu uwar ba ta taɓa yaron ba, ba ta ko kalle shi ba, da aka tambaye ta sunansa sai ta dubi mijinta ya amsa.

Ku da kuka zo kwanan nan, ku gane abin da wannan yake nufi a ƙasar nan. In yaron da bai iya magana ba ya zo da ciwon da bai dace da labarin iyayensa ba, ba zaɓi muke da shi ba, doka ce. Ana kiran babban likita, a kira social worker, wato ma'aikaciyar ƙaramar hukuma mai kula da kare yara, a kwantar da yaron a asibiti, a ɗauki hoton ƙasusuwansa duka ko akwai tsohuwar karaya. Wanda ake zargi ba a barinsa da yaron shi kaɗai. In abin bai warware ba 'yan sanda su shigo, kuma yaron ba ya komawa gidan sai an gama bincike. Kada kuma in ji wata a cikinku ta ce muguntar Turawa ce. Na ga yaran da aka ƙona da gangan da idona, na wanke musu ciwo, kuma iyayensu ma da gaisuwa mai kyau suka shigo. Dakta Emma tana da gaskiya, kuma yatsa yana nuna Nafisa ne, don ita aka bari da yaron a gida.

Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Na ce a wurinmu mace ba ta nuna son ɗanta na farko a gaban surukarta, ba ta rungumarsa, ba ta kiran sunansa, balle sunan surukinta ne yake ɗauke da shi. Na ce abin da take gani sanyin zuciya, a gida tarbiyya ake ce masa. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Na yarda da ke, Rakiya. Amma al'adar ba ta gaya mini abin da ya ƙona hannun nan ba."

Gaskiyarta kuwa. Ta ce ta riga ta kira babban likita, yana sama yana zagayen marasa lafiya, in ya sauko ba ta da abin ba shi sai abin da ke hannunta.

Na fara da Malam Sani, na jawo shi gefe. Sai ya gyara tsayuwa ya hau yi mini Turancin jami'a, wai ya san haƙƙinsa, wai wannan wariya ce. Na bar shi ya gama, na ce, "Malam, mayar da Turancin nan aljihu, mu yi Hausa. Me ya ƙona yaron?" Sai ya sassauta murya ya ce, "Anti, ke fa tamu ce. Ki gaya musu kawai tsautsayi ne, mu mutanen kirki ne, a ɗaure hannun mu tafi."

Wannan "ke tamu ce" ita ta fi komai ƙona mini rai a aikin nan. Mutum ya ƙi gaya maka gaskiya, sannan ya ce ka je ka ranta masa amincinka. Na ce masa ni tasu ce, shi ya sa ba zan faɗi abin da ban sani ba, kuma in na yi ƙarya a kan yaro lasisina ne zai tafi, yaron kuma bai tsira ba. Ya yi kicin-kicin da fuska ya ce shi dai dutsen guga ya sani.

Na koma ciki don a ɗaure ciwon, kuma ɗaurin yana buƙatar wanda zai riƙe yaro da kyau. Abba ya gaji da kuka har muryarsa ta dishe, yana miƙa hannun hagu wajen uwarsa yana "Mami, Mami". Na ce, "Nafisa, zo ki riƙe ɗanki." Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta saci kallon Hajiya, ta koma jikin bango.

Hajiya ta ce, har da ɗan alfaharinta, "Ƙyale ta, ai da kunya. Yarinya ce mai tarbiyya. Tun da na zo ban taɓa ganin ta ɗauke shi a gabana ba."

Dakta Emma tana tsaye tana kallo, ba ta jin Hausa, abin da ta gani kawai uwa ta ƙi ɗanta yana kiranta. Na ji kamar in fasa ihu. Nan take na ce Hajiya la'asar ta yi, akwai ɗakin salla a ƙasa, Malam Sani ya raka ta, kuma mutum ɗaya ake bari a bakin gado lokacin ɗauri. Ta miƙe tana cewa a yi wa Maigida a hankali, suka fita, na ja labule.

Labulen bai gama rufuwa ba Nafisa ta zube a gaban gadon ta fizgo yaron ta ƙanƙame shi. Kukan da ta riƙe tun safe ya ɓalle mata, tana sumbatar kansa, tana ce masa yi haƙuri, yi haƙuri. Shi kuwa ya cusa fuska a wuyanta ya yi shiru. A nan na ga hannunta na dama. Babban yatsa da manuni duk sun tashi, bororo har ya fashe a guda, ba wanda ya sa mata komai. Na kama hannun na juya shi, Dakta Emma ma ta matso.

Na ce, "Garwashi ne, ko?"

Ta gyaɗa kai. Ta ce yaron ya damƙi garwashin turaren wuta daga kasko, ya ƙi buɗe hannu don zafi, ita ta ɓamɓare yatsunsa ta cire da nata. Sai ta ce, "Anti, ki gaya musu ni ce. Ni na ajiye kaskon a ƙasa."

Na ce, "Ke kina ina lokacin da ya ɗauka?"

Ta ce tana kicin tana wanke-wanke.

Na ce, "Kina kicin, hannu cikin kumfa, kika kuma ajiye kasko a ɗaki? Nafisa, ni fa na haife ki. Turaren wa ke tashi a ɗakin nan tun shigowarku? Ba a jikinki yake ba."

Ta ce, "Anti, don Allah. Da wane bakin zan ce uwar mijina ce ta ƙona jikanta? Kafin dare maganar ta isa Katsina, a ce na kai ƙarar surukata wurin Turawa. Mahaifiyata ina za ta sa fuskarta? Ki bar shi a kaina."

Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce labari na uku ke nan daga gidansu a yini ɗaya, kuma uwar da ta canza magana, ga ƙuna a yatsunta, ita za a fara hana zama da yaron. Ta ji sarai. Ta kafe. Yarinya mai digiri, mai hankali, tana rungume da ɗan da take shirin rasawa, amma ta kafe a kan kunya. Na bar wata nas tana ɗaure musu hannu su biyun, na fita kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Na iske Hajiya ta idar da salla tana zaune da carbi, ɗanta a gefe. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ke uwa ce a wurina, amma yau sai na yi magana ba kara. Maigida ba zai kwana a gida ba. Kuma in aka tafi a haka, za a rubuta cewa ana zargin Nafisa da ƙona shi da gangan, a raba ta da shi, mai yiwuwa ma a kai shi hannun mutanen da ba ku sani ba sai an gama bincike."

Ta ce, "Wa zai raba ɗa da uwarsa a kan ƙuna? Duk 'ya'yan da na haifa ba wanda wuta ba ta taɓa ba. Shi kansa wannan ga tabon a ƙafarsa."

Na ce, "Ba ƙunar ba ce, Hajiya, ƙaryar ce. Kuma yanzu haka Nafisa tana can ta ce ita ta ajiye kaskon."

Carbin ya tsaya a hannunta. Malam Sani ya shiga kame-kame, a nan ne ya fito da abin da yake tsoro. Wai ƙararrawar hayaƙi da ke rufin ɗakin tana damun Hajiya da ihu duk lokacin da ta sa turare, sai aka rufe ta da safa. In aka ce garwashi za a zo duba gida, a ga safar, mai gidan ya ji, kuma samun flat a garin nan na san yadda yake. Shi ya sa a cikin bas ya ce kowa ya ce dutsen guga, Nafisa kuma ruɗewa ta sa ta ce murhu.

Na ce, "Malam, kana digiri na uku, ka auna safa da ɗanka, safar ta rinjaya?"

Hajiya ba ta bar shi ya amsa ba. Ta dube shi ta ce, "Kai ka ce mini in an faɗi haka ɗaurewa kawai za a yi mu tafi. Ba ka ce a kan 'yar mutane zai faɗa ba." Ta miƙe tana gyara mayafi ta ce mini, "Kai ni wurin likitar."

A irin wannan magana ba a yarda ma'aikacin da ke kula da yaron ya yi tafinta ba, don haka muka kira tafinta ta waya, wani mutumin Gana. Hajiya ta zauna a gaban Dakta Emma da babban likita ta faɗi komai, ba ta rage ba. Kullum da hantsi tana hura garwashi a kan gas ta zuba a kasko ta turara kayanta. Ranar ta ajiye kaskon a kan kafet, ta juya ta ɗauko turaren a akwati, juyowar da za ta yi sai ihun yaron. Ta ce ita ta hau kujera ta sa safar, ita ta shafa man, ita ta ce a jira ɗanta ya dawo. Ta ce yarinyar nan ba ta da laifin komai sai na cire wuta da hannunta. Aka tura Malam Sani gida ya kawo kaskon da ragowar gawayin a leda, likitoci suka gwada girmansa da ciwon, suka ce ya dace.

Kada ku ɗauka shi ke nan an tashi. Abin da aka fara ba ya gogewa. Abba ya kwana a asibiti, amma da uwarsa a gefen gado, kuma ba a yi masa hoton ƙasusuwan ba. Saboda ƙunar a tafin hannu take, sai da aka tura su asibitin masu ƙuna, suka yi ta zirga-zirga makonni don kada yatsun su ƙage. Social worker ta je gidan, 'yan kwana-kwana suka je suka cire safar suka yi wa Malam Sani wa'azin da ya fi nawa tsawo. Mai gidan da ake tsoro ko labari bai ji ba. Duk wannan wahala, da an shigo an ce garwashin turare ne, da ba ta kai rabin haka ba.

Abin da na koya daga ranar, shi nake so ku ɗauka. Ƙa'idar nan ta kare yara ba maƙiyarmu ba ce, kada ku taɓa lanƙwasa ta don an ce muku ku namu ne. Amma kuma mutanenmu suna yin ƙarya ba don sun cuci yaro ba, sai don su rufa wa babba asiri, kuma takardar Bature ba ta da gurbin wannan. Saboda haka in kun ga uwa ta yi shiru a gaban dangin miji, ku nemi dalili ku fitar da kowa, ku tambaye ta ita kaɗai, kuma ko ta ce ita ce, ku sake tambaya.

Washegarin ranar da aka kawo Abba, da safe kafin a sallame su, na leƙa ɗakin, na samu Nafisa ita kaɗai tana ba shi kunu da cokali da hannun hagu. Na ce mata, "Yanzu da Hajiya ba ta yi magana ba, haka za ki bari a rubuta ke ce?"

Ta ce, "Eh, Anti. Na lissafa in na ce ni ce, ni kaɗai za a cire daga gidan, shi a bar shi wurin babansa da Hajiya. Ai ba zai rasa mai kula da shi ba."

Tana murmushi ta faɗa, tana kallona, jira take in ce Allah ya yi mata albarka. Ban ce ba, na gyara wa yaron bandeji na fita. Abin da yake ba ni haushi har yau, na san da a Kano aka ba ni labarin nan a tsakar gida, da ni ce ta farko da za ta yaba mata.